Tukunyar da Farfesa Tofazzal Ya Ara

Ban zagi Dakta Nurunnabi ba, Mintu. Da zagi na yi, da masu kwalekwale a Sadarghat sun ji. Kana can Chittagong matarka ta tsegunta maka ta waya, ka taho kana huci wai uwarka ta kunyata babban mutum. Zauna tukuna.

Farfesa Tofazzal dai ka san shi, bango ɗaya ya raba mu. Firjinsa ne ba ka taɓa leƙawa ba. Ba kifi, ba madara, sai 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa, kowacce da ƙwayoyin nan da ido ba ya gani. Ya ce ƙuruciyarsa duka ta tafi wajen binciken yadda ɗaya ke gadar wa 'yar'uwarta ƙin jin magani.

Na ce, "Wannan ai ko a layinmu ana yi, ba sai an je jami'a ba."

Ya yi dariya har da tari, ya kira ni Apa, wato yaya, yadda ya saba. "Apa, kamar irin nono ne da kike zuba wa madara. In ba a juye su a sabon abinci ba, mutuwa suke yi."

Kamar irin nonon kuwa yake rabawa. Duk wanda ya roƙa, daga Japan ne ko daga ina, kyauta yake aika masa. Wai har yau ƙasashe da yawa da jikokin kwalabensa suke aiki.

Shi kuma Dakta Nurunnabi da kake wa rawar jiki, a barandar nan na san shi, siriri kamar tsinke, yana lashe kwanon shinkafar marigayiya matar Farfesa, "Sar" gaba, "Sar" baya. Da ya hau kujerar malaminsa, sai ya ce ɗakin da ake ajiye kwalaben a jami'a, ofis za a mayar da shi. A rikisho, keken hayar nan mai ƙafa uku, aka kawo kwalaben gida, wai kafin a samu wuri.

Bara hannun Farfesa ya fara rawa, ya kasa juye su. Ni nake kara masa waya a kunne.

"Nuru, ka zo ka ɗauke su. Ba don ni ba."

"Ranar Juma'a, Sar, in sha Allahu. Kada ku damu."

Juma'a ta yi, ya sa farar rigarsa, ya zauna a baranda. Mai kifi ya wuce, mai gyaran laima ya wuce. Juma'o'i nawa, ban ƙirga ba, damina dai ta shigo ta fita. A talabijin muka ga Nuru, an rataya masa furanni, yana bayanin abin da "muka gano". Farfesa ya kasa kunne ya ji sunansa, har aka sako tallar sabulu.

Wata safiya ya ce, "Apa, ara mini tukunyarki mai fito."

"Naman wa za ka dafa, kai da ruwan shinkafa ma da ƙyar yake wuce maka?"

"Ba a barin su ba mai kula. Wanda ya raya su, shi ke kashe su. Haka aikin yake."

Ni na kunna wutar. Shi ya riƙa jera su a ciki, yana gaya mini wannan daga rijiyar wane ƙauye take, waccan shekarar ambaliya aka same ta. Duk sanda tukunyar ta yi fito sai ya rufe ido. Sawu bayan sawu, har la'asar. Da muka gama ya ce in zare wayar firjin. Ban taɓa jin gidan nan ya yi shiru haka ba.

Bai daɗe ba bayan nan.

Ranar da ya cika, gari kamar tanda, an shimfiɗe shi a baranda ana jiran 'yarsa daga Rajshahi. Sai ga Nuru a mota, ido jajir, direba na bin sa da akwati cike da ƙanƙara. Ya yi addu'a 'yar gajeriya, ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya, wai yau ni ce Khala, innarsa.

"Khala, makullin kicin fa? Kwalaben nan amanar Sar ce. Akwai Turawan da ke jira."

Na ce, "Mun dafa su."

"Kun yi me?"

"Yau Talata, Nuru. Ka kuskure rana."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, mutane shaida ne. Kuma kada ka sake ce mini na wulaƙanta zuwansa. Na karɓi akwatin a hannun direban, na juye ƙanƙarar a ƙarƙashin makara. Ita ta riƙe Farfesa har yarinyar ta iso. Ina zaune ina jin ɗigarta a kan siminti har aka kira magariba.