Hayaƙin Gaisuwar Safe

Ni Rabi, ni ke jinyar Innarmu Yelwa a tsohon gidanmu na bayan Kusugu, don haka ba wanda ya kai ni sanin tarinta.

Da can gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, murhu ɗaya. Baba na rasuwa, 'yan'uwana maza huɗu suka watse. Yaya Sha'aban ya yi gini a hanyar Mai'adua, biyu suka koma can bayan gari, Auta kuwa har garin Babban Mutum. To a gidanmu ɗa ba ya fita nema sai ya durƙusa gaban Inna. Kullum da sassafe babura huɗu ne a ƙofar zaure, kuma ba mai kashe inji, wai sauri suke yi. Da yamma su sake dawowa, kowa da kwanon tuwon gidansa.

Hussaina, 'yar Yaya Sha'aban mai karatun muhalli a jami'a, ta ce da ni, "Gwaggo, haka garuruwa suke. In mutane suka bazu nesa da juna, mai ya fi ƙonewa, itace ya fi ƙarewa, hayaƙin ya tafi sama ya ƙara mana zafi."

Na ce, "Ke dai bari, 'yar boko! Namu bai kai sama ba, ƙirjin kakarki yake shiga."

Ran da likita ya ce a raba Inna da hayaƙi, na dawo gida a fusace. Maimakon in ce su riƙa kashe inji daga bakin layi, sai na ɗaga musu murya har da Yaya: "Za ku kashe ta! Kowa ya riƙe gaisuwarsa!" Suka ɗauka saƙon Inna ne. Suka koma gaishe ta a waya.

Tari kam ya yi sauƙi, ba ƙarya. Amma Inna ta rage cin abinci. Kowace safiya sai ta ja tabarma zuwa zaure ta zauna. Babur ya wuce, ta ɗaga kai, ba nata ba ne. Wallahi kunya ta kama ni, na rasa bakin gaya mata abin da na yi.

A kwana na tara ta riƙo hannuna.

"Rabi, na ji abin da kika ce musu. Allah ya yi miki albarka, numfashi ya samu." Ta dubi ƙofar gida, ba kowa. "Kira min su. Gara in yi tari."