Jimlar Iya a Kan Allo

Malamin Turanci na ajin manya yana da wata ɗabi'a da yake taƙama da ita: duk wanda ya yi kuskure, sai ya rubuta jimlarsa ɓaro-ɓaro a allo, aji ya taru a kanta. Wai kunya ce ke sa karatu ya zauna. Shi dai ba a taɓa ɗura masa wannan maganin ba.

Ran nan ana darasin tilo da jam'i, yadda aikatau ke bin suna, sai Iya mai ɗinki ta ɗaga hannu. Ta girmi kowa a ajin. Jikokinta da aka haifa a ƙasar waje ne suka sa ta zama ɗaliba da furfurarta, don Hausa ko "zo in kashe ka" ba sa ji. Bakinta har kunne ta ce, "My grandchildren is coming."

Albishir take yi. Malam kuwa kuskure kawai ya ji: jikoki da yawa, aikatau na mutum ɗaya. Ya rangaɗa jimlar a allo, ya ja mata layi. Wani direba daga baya ya ce, "Iya, a buhu ɗaya za a ɗuro miki su?" Aji ya kwashe da dariya, har da Malam.

Tun daga ranar kujerarta wayam. Abin ya tsaya wa Malam a rai, ya san shi ya kore ta. Da ya kasa daurewa, ya nufi shagonta, yana ta harhaɗa kalmomin ban haƙuri a hanya.

Ya tarar jikokin sun iso. Wa da ƙanwa suna wasa da ƙyallaye a gindin keken ɗinki, suna ta zuba Turanci.

"Maraba da Malam, ga kujera," in ji Iya, babu ko alamar fushi.

"Iya, dama na zo ne in..."

Ƙaramar ta katse shi. Ta dafa gwiwar kakarta, ta tambaye ta da Turanci ko ta yi kewarsu. Malam ya san Iya ta gane, ya san kuma tana da amsar, ai shi ya koya mata. Ta buɗe baki. Sai ta dubi Malam, ta rufe bakin, ta shafa kan yarinyar kawai.

Yarinyar ta jira, ta jira, sannan ta koma wajen wanta.