Ranar da Rilwanu Ya Yarda An Sallame Shi

Sau huɗu ana sallamata daga aiki a ƙasar nan: otal biyu, garejin ajiye motoci ɗaya, da wani kamfanin kai kaya da muka wayi gari babu shi. Shi ya sa duk Bahaushen da aiki ya kuɓuce masa tsakanin Wheaton da Annandale, shagona yake zuwa, ya yi kamar sayayya ce ta kawo shi.

Haka Rilwanu ya shigo wata Talata da hantsi, da kwat da jakar ofis. Injiniyan kwamfuta ne, shekara tara yana aiki da wani kamfani mai kwangilar gwamnati can unguwar Southwest. Ya ɗaga kwalbar manja ya ajiye, ya shinshina daddawa, ya tambayi lafiyar iyali har sau biyu. Na turo masa kujera.

Kwangila ce ta ƙare, aka sallami su goma sha biyu rana ɗaya. Ya nemi kuɗin da gwamnati ke ba wanda ya rasa aiki, an hana shi. Wata biyu ke nan, hayar gida ta fara shaƙe shi. Na tambaye shi me ya danna a fom ɗin neman kuɗin, wurin da aka ce a faɗi dalilin rabuwa da aiki. Ya ce wai shi ya bari da kansa.

"Kai ka bari?"

"Baba Dabo, ai ba korata aka yi ba. Ban yi sata ba, ban zagi kowa ba. Cikin mutunci muka rabu, har wasiƙar godiya na rubuta musu."

Na gane ciwon. A gida ɓarawo ake kora, mutumin kirki kuwa ajiye aiki yake yi, ko da ɗan sanda ne ya rako shi bakin ƙofa. Na yi masa bayani cewa nan abin a juye yake: wanda aka sallama ba da laifinsa ba shi ake biya, wanda ya tafi don ganin dama sai dai a yi masa fatan alheri.

Muka ɗaukaka ƙara, aka sa ranar sauraro ta waya, Alhamis ƙarfe goma. Sai ga wata sabuwa. Surukinsa Alhaji Hashimu, mahaifin matarsa Asma, ya zo daga Kaduna aikin ido, yana gidansu. Don shi ne ma Rilwanu ke saka kwat kullum ya fito kamar mai zuwa aiki, ya wuni a shagona. Ya rantse ba zai furta wannan magana a gidan da suruki yake ba. Muka shirya ya amsa wayar a sitona, tsakanin buhunan shinkafa. Kwana uku ina sa shi maimaita "an sallame ni", yana ce mini "an samu sauyin yanayi".

Ranar Alhamis sai ga shi da tsohon a mota. An kira Asma asibitin da take aiki, Alhaji kuma ya ce goronsa ya ƙare, zai biyo shi. Wa zai ce wa suruki a'a? Bayan doguwar gaisuwa tsoho ya wuce kai tsaye cikin sito, inda kujera mai taushi take, ya miƙe ƙafa. Waya ta yi ƙara.

Cikin shago mata uku ne ke gardamar kuɓewa, waje kuma ana fasa titi, babu wurin amsa waya sai siton. Rilwanu ya raɗa mini cewa Alhaji ba ya jin Turanci, ya durƙusa gefen buhu, ya buɗe lasifika don in ji.

Mai sauraron ƙarar mace ce, Madam Olive. Wakilin kamfani, wani Joel, ya riga ya ce kwangila ce ta ƙare, saura a ji daga bakin mai ƙara. Ta tambayi Rilwanu: shi ya bari ko sallamarsa aka yi? Rilwanu ya gode wa kamfani. Ya yabi halin Joel. Ya ce komai yana da lokacinsa. Na taka masa ƙafa, ya ƙara da cewa shi ba ya riƙe kowa a zuci. Matar ta ce amsa ɗaya take so, in babu za ta bar hukuncin farko yadda yake.

Sai Alhaji Hashimu ya cire goro daga baki, ya sunkuyo kan wayar, ya gaya mata da Turancinsa na tsofaffin leburori cewa korar yaron nan aka yi. Ta tambaya wane ne wannan, ta ce ba daga bakinsa take son ji ba.

Tsoho ya juyo. "Rilwanu, shekara ashirin da biyu na yi a masaƙa. Ranar da aka rufe ta, kwaɗo muka tarar a ƙofa, ko sisi ba a ba mu ba. Kai ana lallaɓa ka a ba ka, kana ta yi wa mutane godiya. Faɗa mata."

Rilwanu ya sunkuyar da kai kamar ranar ɗaurin aurensa, ya ce an sallame shi. Ta sa ya maimaita don ba ta ji ba. Ya maimaita da ƙarfi, har matan kuɓewa suka yi shiru.

Da aka kashe waya, Rilwanu ya tambayi Alhaji cikin ladabi ko Asma ce ta gaya masa. Tsoho ya ce ido aka yi masa aiki, hancinsa lafiya lau, kuma bai taɓa jin ofishin kwamfuta da ake dawowa daga cikinsa da ƙanshin daddawa ba.

Bayan sati uku kuɗi suka fara shigowa. Rilwanu ya daina zuwa da kwat. Alhaji kuma, ana gobe zai koma Kaduna, ya ja ni bayan buhunan shinkafa ya tambaye ni, da gaske, ko wannan Madam Olive tana sauraron tsofaffin ƙararraki.