Baƙar Maka a Littafin Doreen

Tun da Gus mai shago ya bugo waya ya ce littafin ya dawo daga wurin masu tantancewa, Royce Pawlak ya kasa ƙarasa kofinsa. Ya sa riga, ya cire, ya sake sawa, ya zauna a bakin ƙofa yana jiran 'yarsa Corinne.

Littafin na matarsa ne, marigayiya Doreen. Littafin labari ne cikin zane-zane, na 1974, fitowar farko ta wani jarumi mai baƙar riga, ta saya a kantin magani tana 'yar shekara takwas. Kafin ta rasu ta ce wa Corinne, "Wannan shi zai kai ki makarantar nas." Corinne ta riƙe maganar. Wata makarantar nas a garin Toledo ta ɗauke ta, kuma makonni biyu da suka wuce ta ajiye aikinta na sito.

Wata uku ke nan da suka kai wa Gus littafin. Ranar ce ya yi musu bayani: zai tura shi kamfanin tantancewa, kamfanin zai duba, ya ba da maki, ya rufe shi cikin roba mai tauri, da takarda a sama. In takardar shuɗiya ce, babu hannun da ya taɓa gyara shi, zai kai dala dubu goma sha huɗu. In shunayya ce, an taɓa gyara, ko da ɗigon tawada ne, to da ƙyar ya yi dubu uku. Tun daga ranar Royce bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba.

Suna shiga shagon Gus ya ɗago. "A'a, tsoho, har yanzu wannan hular? Ta girmi rabin kayan shagona."

Royce ya yi yaƙe. Gus bai ƙara wasa ba. Ya jawo robar daga ƙarƙashin kanta ya ajiye a gabansu. Makin yana da kyau, tara cif cikin goma. Takardar shunayya ce.

Corinne ta karanta ƙananan rubutun, leɓenta na motsi. "An shafa baƙi a gefen bangon littafin, wuri uku. Gus, kuskure suka yi. Mama ko numfashi ba ta bari a yi kusa da shi."

"Ba sa kuskure a wannan, 'yar nan. Fitila gare su da ke nuna tawadar da ba ta asali ba."

"A fasa robar a sake turawa."

"Ki tura sau goma, shunayya za ta dawo. Tawadar ta riga ta shige cikin takarda."

Can ta buga kantar shagon da tafin hannu. "Kawu Vern! Shekarar da ruwa ya ci gidanmu, wurinsa aka ajiye shi wata takwas. Shi ne mai karambanin gyare-gyare." Ta ciro waya.

Royce ya dubi wayar. Vern ya fara mantuwa yanzu, in an ce shi ne ba zai iya musu ba. Gus ma ya kau da kai, yana jera wasu littattafai da ba sa bukatar jeri.

"Ajiye wayar, Corinne," in ji Royce. "Ni ne."

Ta juyo.

"Kina wata biyar a duniya. Mamanki ta fito da shi ta ga gefen ya ɗan kwarzane, fari ya fito, ta yini ranta a ɓace. Da ta fita, na ɗauko baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin tawada, daga akwatin kayan aikina na taɓa wuraren. Da ta sake dubawa ta ce ashe idonta ne. Har ta yi dariya. Ban san haka abin yake ba, wallahi."

"A lokacin ba ka sani ba," in ji Corinne a hankali. "Ranar da Gus ya yi mana bayani fa? A nan kake tsaye."

"Na ce a raina ko ba za su gani ba. Ɗan ƙanƙani ne."

"Baba, kai ka kai ni sito ranar da na miƙa takardar ajiye aiki. Ka jira ni a mota. Ka saya min ayis kirim."

Ya ce zai sayar da motar, zai karɓi aikin Lahadi a gareji. Ta girgiza kai kawai, ta share ido da bayan hannu.

"Gus, riƙe shi tukuna. Ban san me zan yi ba."

Ta fita. Royce ya hango ta ta gilashin shagon, tsaye kusa da mota, waya a kunne. Ƙofar ba ta gama rufuwa ba, ya ji muryarta ta koma siririya, irin ta mai neman alfarma.

"Ranka ya daɗe, Corinne ce. E, ni ce. Don Allah, gurbina na sito, an riga an ba wani?"