Ranar da Aka Kai Rigima Kudenda

Shekari ya saki igiyar a hankali, ya ɗan ja da baya, ya ɗaga tafin hannunsa.

"Zauna, Rigima."

Karen ya zauna, jikinsa yana rawa kamar motar da aka tayar ba a sa mata giya ba. Sai ga wata kaza ta fito daga ƙarƙashin wata matacciyar Fijo. Nan take zaman ya ƙare. Rigima ya bi ta a guje, ya ture bokitin baƙin mai, ya ratsa ta gaban wata mata da ta kawo motarta gyara. Bai taɓa ta ba, amma zaninta ya sha mai har gwiwa.

Matar ta yi ta faɗa. Anayo, mai garejin, ya fito daga ƙarƙashin mota yana ba ta haƙuri, har ya raka ta bakin titi. Da ya dawo bai dubi karen ba.

"Baba Shekari, zo."

Tun da aka rage ma'aikata a masaƙa Shekari yake gadi a wannan gareji na Kakuri. Anayo ne ya sayo karen yana ɗan kwikwiyo, ruwa biyu, uwarsa irin ta Turawa, ya ce wa Shekari ya mayar da shi karen gadi. Shekari kuwa cikin karnukan farauta ya girma a ƙauyensu kusa da Zonkwa, bai kuma taɓa ganin mahaifinsa ya ɗaga wa kare sanda ba. Saboda haka da ƙuliƙuli a aljihu ya fara aikin, kullum da safe kafin makanikai su zo. Abu ɗaya sai ya maimaita shi har muryarsa ta dushe. Yanzu Rigima ya daina tauna tayoyi, ya daina karɓar abinci a hannun baƙo, in an kira shi yakan zo. Kaza ce dai har yau ta fi ƙarfinsu su biyu.

"Na gaji," in ji Anayo. "Kare nake so, ba abokin wasa ba."

"Oga, yaro ne. Jinin ne ya yi masa yawa. Ka ba ni zuwa Kirsimeti."

"Ɓarayi za su jira Kirsimeti? Makon jiya batir nawa aka kwashe a garejin maƙwabcina? In suka zo nan, wutsiya zai kaɗa musu." Ya goge hannunsa da tsumma. "Na riga na yi magana da Benson. Shi yake horar wa kamfanoni karnuka a Kudenda. Yau za ka kai shi."

Shekari ya san Benson, ya kuma san yadda ake yi. Ɗaki mai duhu, barkono a cikin abinci, dukan tiyo safe da yamma, har sai kare ya ƙi jinin duk abin da ke tafiya da ƙafa biyu.

"Oga, in ya dawo daga can ba za ka gane shi ba."

"Shi nake so." Anayo ya sassauta murya. "Baba, ba mugunta ba ce. Motocin nan na mutane ne. In wani abu ya ɓace, ni da kai duka muna waje."

Kwandastan bas na farko ya ga karen ya girgiza kai, na biyu ma haka. Shekari ya naɗe igiyar a hannu suka kama hanya a ƙasa. Rigima yana murna, bai taɓa yin nisa haka ba. Ya sunsuna kowane kwata, ya ja, ya dawo ya lashi hannun Shekari, ya sake ja.

A bakin kasuwar Kakuri suka tsaya wurin Rebecca, matar Shekari, inda take soya doya. Ta saurare shi ba ta daina juya matsami ba.

"Maman Christy, in na wuce da shi gidanmu a Narayi fa? In ce ya tsinke ya gudu."

"Ka ajiye shi a ina? A ɗakinmu, da yara? Mai gidan ko agwagwa bai yarda a kiwata ba."

"To in aika da shi ƙauye wurin yayana."

"Oga Anayo ba yaro ba ne. Rabin makanikansa a Narayi suke kwana." Ta kwashe doyar ta zuba a kwando. "Ka tuna yadda muka yi kafin ka samu gadin nan. Ba karenka ba ne, Baban Christy."

Babu abin da ta faɗa da ba gaskiya ba. Ta ɗauki yankan doya guda, ta hura ta huce, ta miƙa wa Shekari. Ta san karen ba zai karɓa a hannunta ba. Shi ya ba shi.

Rana ta take sosai lokacin da suka isa Kudenda. Bayan katangun kamfanoni, inda layin gidajen ma'aikata ya ƙare, akwai wani fili da aka kewaye da tsohon kwano. Tun kafin su isa ƙofar Rigima ya daina ja. Ya sauke wutsiya, ya manna jikinsa da ƙafar Shekari.

Benson ya fito da singileti da guntun tiyo a hannu, mutum ne mai fara'a. Ya zagaya karen yana dubawa.

"Kai, wannan ai dukiya ce. Dubi ƙirji. Wa ya lalata shi haka?"

"Ni nake kula da shi."

"Ba komai, Baba, za mu gyara."

A ciki akwai ɗakuna ƙanana na bulo a jere, kowanne da ƙofar ƙarfe, ba taga. Daga bayan ƙofofin ana jin gurnani da ƙarar sarƙa. Benson ya buɗe na ƙarshe, ya karɓi igiyar ya ja. Rigima ya kafe ƙafafunsa a ƙasa. Benson ya ƙara ƙarfi har igiyar ta shaƙe shi, karen ya yi wani kuka da Shekari bai taɓa ji daga bakinsa ba. Benson ya ɗaga tiyon.

"Dakata," in ji Shekari. "Don Allah dakata."

Ya kwance igiyar daga wuyan karen. Ya sunkuya ya shiga ɗakin da kansa, ya tsuguna a cikin duhu da warin fitsari. Ya kira shi da muryar da yake kiransa kowace safiya. Rigima ya dubi ƙofar waje, a buɗe take, babu abin da ke riƙe da shi. Ya dubi Shekari. Sannan ya shigo a hankali, ya sa kansa a cinyarsa.

Shekari ya daɗe yana sosa masa bayan kunne. Da ya miƙe ya fita, karen ya tsaya a inda aka bar shi yana jira. Shekari da kansa ya tura sakatar.

"Ka sauƙaƙa mini aiki," in ji Benson.

A bakin ƙofa Shekari ya juyo. "Ran Lahadi in na taso daga coci, zan iya zuwa in share maka ɗakunan. Ba sai ka ba ni komai ba."

Benson ya yi dariya, ba ta raini ba. "Baba, ai kai ne mutum na farko da ba zai gani ba. In yana ganinka, aikin ba zai kama ba."

Shekari ya fita ya tsaya a bayan kwanon, igiyar tana hannunsa. Sauran karnukan suna ta haushi, ya kasa kunne ko zai ji muryar Rigima a cikinsu. Bai ji ba. Wata bas ta tsaya a gabansa, kwandasta ya leƙo ya dube shi sama da ƙasa.

"Kakuri, Baba? Akwai wuri."

Ya shiga.