Tarin da Ya Zo a Wasiƙa

Mai aski mutum ne mai baki. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga, ba a shiga a fito ba a dara ba. Idan mai sanƙo ya zauna a kujera, sai ya ce masa ladan neman gashi zai biya, ba na aski ba. Amma tun da aka ɗaure 'yarsa, almakashi ya fi shi magana.

Ita ce 'yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, shi kuwa Uwata yake ce mata. Allura ta yi wa wani majinyaci ran da aka bar ta ita kaɗai da ɗaki cike da marasa lafiya, mutumin ya cika, danginsa suka kai ƙara, alƙali ya yanke mata shekaru. Gidan yarin mata na da nisa, tafiyar yini guda ce a mota. Abin da ya rage tsakaninsu wasiƙa ce, sai kuma saƙon waya: ka rubuta, ya faɗa ofishin gidan yari, a karanta, a buga a takarda a miƙa mata. Amsarta ma ta nan take biyowa.

Da farko har wasa suke yi. Ta rubuto cewa rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan laka. Ya mayar mata cewa mutanen asibiti ba su da bakin zagin rubutun kowa. Sai dai hirar tasu ba ta haɗuwa. Ya tambaye ta ya sanyi, amsa ta iso ana zufa.

Wata safiya ɗan aiken gidan waya ya miƙo masa ambulan, yana tsakar aske wani dattijo. Bai iya jira ba, ya buɗe. Ta gaishe da kowa, har mai wanki da guga. Can ƙasa, inda takarda ta kusa ƙarewa, ta ce wani tari ne ya ɗan matsa mata, ba ya barin ta barci, amma kada ya damu. Ya duba ranar da ta rubuta. An fi wata guda. Dattijon nan ya daɗe zaune da rabin kai kafin ya yi gyaran murya.

A gida matarsa ta sa ya karanta wurin sau biyu. Ta ce yarinyar da ta karye a hannu tana ƙarama ta ɓoye sai da aka ga kumburi, in har ta ambaci tari, to ba ƙaramin tari ba ne.

Ya sayi magani da rigar sanyi mai kauri, ya naɗe da kyau ya aika. Ƙunshin ya dawo masa da hatimi: ba a karɓar magani daga waje, rigar kuma launinta ya yi kama da kayan ma'aikata. Ya koma kan waya. Kullum kafin ya share shago sai ya ɗora tabarau ya danna saƙo da yatsa ɗaya, wayar ta ce an karɓa, shi ke nan. Lambar ofishin kuwa ko dai ta yi ta ƙara ba a ɗauka, ko a ce mai kula da wannan ya fita. Masu zuwa aski kowa da wanda ya sani: wannan surukinsa ya taɓa aiki a can, wancan maƙwabcinsa lauya ne. Duk ya bi, duk suka ƙare da a yi haƙuri. Shi da ya shekara talatin yana raba wa mutane haƙuri a kan kujerar nan, yau ya ji nauyinsa. Da gaskiyar masu cewa wanzami ba ya son jarfa.

Ana haka, ran nan da azahar wata mace ta tsaya a ƙofar shagon da leda a hannu, tana duban mai gyaran waya tana duban mai wanki, kamar mai tabbatar da kwatance. Ta ce ɗaki ɗaya suka zauna da 'yarsa, shekaranjiya aka sake ta. Ya ba ta benci, ya kashe injin aski. Ta ce duk wadda ta yi zazzaɓi a ɗakinsu 'yarsa ce ke kwana a kanta, har ma'aikatan ma ita suke nuna wa takardar maganinsu. Yanzu 'yar tasa ce a kwance a ɗakin marasa lafiya na gidan, kuma wanda ke can ba a kai masa saƙo sai ya fito.

"Ta ce kada in gaya maka akwai jini a tarin," in ji matar. "Amma ni ma ina da uba."

Washegari ya rufe shago ya hau mota. Ya kwana a tasha, da safe ya isa wata 'yar taga mai ƙarfe a jikin katanga. Gandiroban da ke ciki mutum ne mai ladabi, har da tambayarsa gajiyar hanya. Ya ce yau ba ranar ziyara ba ce, ko da ranar ce ma ba a ganin mara lafiya sai da izinin shugaban gidan, shugaban kuwa ya yi tafiya. Mai aski ya yi bayani, ya sake yi, daga ƙarshe ya ce:

"Ɗana, ban ce sai na gan ta ba. Ka ce mini kawai tana da rai."

Gandiroban ya dube shi, ya rufe tagar ya shiga ciki. Rana ta take kafin ya dawo.

"Baba, na tambayo. An ce ta sha shayi da safe."

Mai aski ya tsuguna a gindin katanga, ya ɗora takarda a gwiwa ya rubuta mata cewa ya zo, yana nan waje, bango ne kawai tsakaninsu. Ya miƙa ta taga. Gandiroban ya ɗaga hannuwa ya roƙe shi ya yafe masa, ya ce takarda ba ta shiga ta hannu, sai ta gidan waya. Akwai ƙaramin gidan waya a tsallaken titi. Mai aski ya tsallaka ya manna kan sarki. Matar da ke wurin ta ce sai an kai babban gari an tantance, sannan a dawo da ita. Daga inda yake tsaye yana hango rufin gidan yarin.

Matarsa na bakin ƙofa lokacin da ya dawo. Bai ko cire takalmi ba ya gaya mata abin da ya samo. Ta yi hamdala, sannan ta shiga tambaya: da kanta ta sha ko ba ta aka yi? Ta shanye? Ya zauna mata a ciki?

Ya ce bai sani ba. Ta sake tambaya ta wata hanya, ya sake cewa bai sani ba. Sai ta ɗauki jakarsa ta shige ciki, shi kuma ya zauna a dakali yana kwance igiyar takalmi a hankali.