Fankar Baya

Har gari ya waye Auta bai runtsa ba. Tambaya guda ce ta tsaya masa a rai: wane gefe ya juya fankar baya?

Shi ya harhaɗa wa Yayarsa kwamfutar da hannunsa, shekarar da ya gama jami'a. Ya tsara cikin akwatin kwamfutar yadda aka koya masa: fanka biyu a gaba su shigo da iska, ta ratsa faifan ajiya, sannan fankar baya ta kwashe zafin ta fitar. Ranar Talata faifan ya mutu, ya tafi da binciken digirinta na shekara uku. Laifin ya faɗa kan mijinta, domin shi ya tura akwatin cikin durowar tebur saboda ƙara. Auta ma da bakinsa ya ce durowar ce. Kwana huɗu ke nan ba ta yi wa mijin magana ba.

Da hantsi ya isa gidan, sukudireba a aljihu. Mijin ne ya buɗe ƙofa, idanunsa sun faɗa.

"Injiniya, ka zo wankan gawa?"

"Ina kwana, Malam."

"An dai kwana. A kan kujerar falo."

Yaya ta leƙo daga kicin, ba ta ko dubi inda mijin yake ba. "Autana, ka karya kuwa? Je ka duba. In babu abin ceto ka faɗa mini, kai kaɗai nake yarda da maganarka a kan wannan abu."

Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau ba ta gabatar da shi ga baƙo ba tare da ta ambaci digirinsa ba.

Ya shiga ɗakin karatu, ya ɗora akwatin a kan tebur, ya cire murfin gefe. Wayoyin na nan a ɗaure tsaf kamar yadda ya bar su, aiki mai kyan gani. Sai ya juya bayan akwatin. Ƙura ta yi kauri a kan ragar fankar ta waje, ta manne kamar auduga. Fankar da ke hura iska waje ba ta tara ƙura a nan. Ya haska fitilar waya a gefen fankar, ya ga 'yar kibiyar da ke nuna hanyar iska. Ciki take kallo.

Wato fanka uku suna ta dura iska, babu mai fitarwa. Shekara biyu faifan yana dahuwa a hankali. Durowar ƙarasa shi kawai ta yi.

"Injiniya." Mijin ne a bakin ƙofa, ya rage murya. "Tsakaninka da Allah, da ban sa shi a durowar nan ba, da ya mutu?"

Auta bai ɗago ba. "Zafi ne ya kashe shi, Malam."

Mijin ya juya. "Ni ne dai ke nan," ya ce, ya ja takalmansa ya koma falo.

Daga kicin ana jin ƙarar cokali a kofi, Yaya tana haɗa masa shayi. Auta ya tura ƙofar ya rufe. Ya kwance noti huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya juya fankar, ya ɗaure ta. Ya ciro hankici ya goge ragar har ta yi fes, ya ninke shi da ƙurar a ciki, ya sa a aljihu, sannan ya mayar da murfin.